Mita 40 da ba wanda ya gwada

Ranar wata Talata a watan Afrilu, zafin Kano ya kai inda ya kai, wani manaja ya kira ni daga kamfanin da ke sarin taki da iri da maganin feshi a yankin Sharada. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce, "Injiniya, don Allah ka zo yau. Layinmu ya hana mu sakat. Dila yana tsakiyar karanto odar tirela biyu sai a ji ɗif." Wanda ya san harkar taki ya san nauyin wannan magana. Daga Afrilu zuwa saukar damina ake cinikin shekara, dilolin Funtuwa da Giwa da Saminaka kowa na neman a loda masa. Wanda ya kira sau biyu layi ya yanke, na ukun wani kamfanin zai kira.

Na isa bayan La'asar. A wani ɗan ɗaki bayan ofishin akanta akwai kwamfuta ɗaya da aka ɗora wa Asterisk, manhajar da ke rarraba kiran waya, ita ce intakom ɗin kamfanin, wayoyin teburorin duka a kanta suke. A cikinta akwai katin E1 mai baki ɗaya, wanda layin kamfanin sadarwa ke shiga ta cikinsa. Kamfanin sadarwa ya kawo musu layi ta fayiba, amma da yake ta bakin get fayibar ta shigo, sai aka kafa akwatinsu a wani ɗaki kusa da na maigadi. Daga wannan akwati zuwa kwamfutar, kebul ne mai tsawon kusan mita 40 ya bi ta cikin bututun roba da aka kafe a jikin katanga.

Sun yi kusan wata guda suna fama. Mai kula musu da kwamfutoci ya ce kati ne ya tsufa, aka sayo sabo da kuɗi masu ciwo, aka saka, matsala ba ta tafi ba. Daga nan ya ce laifin kamfanin sadarwa ne, ya kuma nuna hujjarsa a rubuce. Injiniyoyin kamfanin suka zo har sau biyu da na'urar gwaji, suka ce layinsu fes yake. Manaja ya riga ya sa an buga takardar raba gari da su, sa hannun Alhaji kawai take jira.

Ga wanda bai saba ba, layin E1 ba irin layin ƙasa ba ne da muka sani zamanin NITEL, waya biyu kira ɗaya. Wannan wayoyi huɗu yake amfani da su, biyu na ji, biyu na magana. In ina koya wa yarana, kunne da baki nake ce musu. A kansu ake tura bit, wato sifili ko ɗaya, guda 2,048,000 a kowace daƙiƙa, an yanka su zubi-zubi, zubi 8,000 a daƙiƙa, kowane zubi da gurbi 32. Gurbi na 0 na daidaita sahu ne, da shi ɓangarorin biyu ke gane inda zubi ya fara. Gurbi na 16 shi ne ɗan aike, shi ke cewa ga kira ya shigo, ga lambar mai kira, an ɗauka, an ajiye. Sauran 30 ɗin na murya ne, wato mutum 30 na iya magana lokaci guda a kan lamba ɗaya. Shi ya sa bankuna da otel-otel da kamfanoni irin wannan suka daɗe suna riƙe da shi, ko da yake yanzu da yawa na komawa layin intanet da ake kira SIP.

Abin da ya sa nake son wannan layi, ba ya ɓoye ciwonsa. Duk kuskuren da ya faru yana ƙirga shi, kowane iri da nasa ƙirgen. Abin da ke ba ni takaici kuwa, sai ka ga an cire kati an saka kati, an yi faɗa a waya, an rubuta takardu, ba wanda ya zauna minti 15 ya karanta ƙirgen.

Duk da haka ban fara da kwamfuta ba. Na fara da Hajiyar da ke karɓar kira a teburin gaba, don ita ce kunnenta ke kan layin tun daga safe har tashi. Na ce, "Hajiya, yaya abin yake yi?" Sai ta ce, "Wanne a ciki, Malam? Ai biyu ne." Ba wanda ya gaya min haka a cikin duk waɗanda na yi magana da su. Ta ce akwai wani ɗan sauti, ƙyas, da ke shiga magana kowane ɗan lokaci, ba ya yanke kira amma yana cinye harafi, har wani lokacin sai ta ce a maimaita mata lamba. Wannan kullum ne, safe da yamma. Sannan akwai ɗif ɗin, wanda in ya zo duk ofis lokaci ɗaya kowa ke ajiye waya. Ta ƙara da cewa, "Kuma ƙyas ɗin nan ba da shi aka fara ba. Sai da aka saka sabon abin nan na fara jin sa."

Ta buɗe aljihun teburinta ta ɗauko wani ɗan littafi irin na 'yan makaranta. Da yake dilolin da kira ya yanke musu ita suke yi wa faɗa, ta riƙa rubuta lokacin da abin ya faru don ta kare kanta gaban manaja. Shafi huɗu cike, da kwanan wata da lokaci. Na roƙe ta na ɗauki hotonsu. Wallahi da za a ce in zaɓa tsakanin wannan littafin da na'urar gwaji mai tsada a ranar, littafin zan ɗauka.

Na fara da ƙyas ɗin, don tun daga bayaninta na yi zargin agogo. Na duba ƙirgen zamewa, abin da allon ke rubutawa da sunan timing slips, na rubuta adadin a takarda, na duba agogon hannuna, na jira minti 15, na sake dubawa. Ya ƙaru da 72.

Ga yadda abin yake. Kowane ɓangare na layin yana tura zubi 8,000 a daƙiƙa, amma daƙiƙar wa? In akwatin kamfanin sadarwa na bin agogonsa, katinka kuma na bin nasa, dole ɗaya ya ɗan fi ɗaya sauri, don babu agogo biyu a duniya da ke tafiya daidai wa daida. Sannu a hankali bambancin zai taru har ya kai tsawon zubi guda, wato kashi 125 cikin miliyan na daƙiƙa. Da ya kai, mai karɓa ba shi da zaɓi, ko ya jefar da zubi ɗaya ko ya maimaita ɗaya. Wannan ita ce zamewa, ita ce kuma ƙyas ɗin da Hajiya ke ji. Zamewa 72 a daƙiƙa 900 na nufin ɗaya a kowace daƙiƙa 12 da rabi, wanda in ka lissafa ya nuna agogunan biyu sun saɓa da kashi 10 kacal cikin miliyan. Agogon hannun da ke da irin wannan saɓani bai kai ya ɓata daƙiƙa ɗaya a yini da kwana ba, kowa zai ce agogo ne na kirki. A ƙa'idar E1 ma an yarda agogo ya kauce har kashi 50 cikin miliyan. Ba lalacewa katin ya yi ba ke nan. Sarki biyu aka naɗa a gari ɗaya.

Na buɗe fayil ɗin saitin katin, na ga layin da nake nema:

span=1,0,0,ccs,hdb3,crc4

Lamba ta biyun nan ita ce ta agogo. Sifili na nufin kada kati ya ɗauki agogo daga layi, ya bi nasa. Ɗaya na nufin ya bi agogon da ke zuwa daga ɗaya ɓangaren. Duk layin da ya fito daga kamfanin sadarwa, su ne masu agogo, kai mabiyi ne. Na tambayi mai kula da kwamfutocin, wani matashi mai natsuwa da son koyo, ya ce da ya saka sabon kati ya sake rubuta saitin ne daga wani misali da ya samo a intanet. Ban ga laifinsa sosai ba, ya ma yi ƙoƙari da ya gyara sauran. Yawancin misalan da ke yawo a intanet na Amurka ne, su kuwa T1 suke amfani da shi, mai gurbi 24 da bit 1,544,000 a daƙiƙa, da tsarin ESF da B8ZS, har yadda suke matse murya daban ne da namu. Mu a Najeriya da Nijar tsarin Turai muke bi, HDB3 da CRC4. Na sha zuwa wurin da aka kwafo saitin Amurka ɗungurum aka liƙa, ko aka bar ɗan makullin da ke jikin kati a ɓangaren T1, ana ta mamakin jar fitila. Shi dai wannan yaron sifili ɗaya ne ya kuɓuce masa.

Bayan an tashi aiki na mayar da sifilin ɗaya, na sake tayar da katin. Muka zauna har Magariba ta ƙarato, ƙirgen zamewa bai motsa ba. Washegari da safe Hajiya ta ce murya ta wanke tas. Manaja ya yi murna, ya ce in kawo takardar kuɗina. Na ce, "Yallaɓai, a dakata tukuna. Wannan ciwon da aka samo wajen magani ne muka cire. Na asalin yana nan." Zamewa na lalata saƙon faks da duk wani abu mai tura bayanai ta layin murya, tana kuma iya ɓata saƙon ɗan aike jefi-jefi, amma shi yana sake aikawa in bai ji amsa ba. Ba ta kashe kiran ofis gaba ɗaya a lokaci guda. Kafin ƙarfe 10 na safiyar nan kuwa sai ga ɗif, tsugune ba ta ƙare ba.

A nan ne na nemi hujjar da yaron ya ce yana da ita a kan kamfanin sadarwa. Ya buɗe min kundin da injin ke rubuta abin da ya faru, ya nuna min layukan: duk lokacin da kira ya yanke, an rubuta Yellow Alarm, bayan 'yan daƙiƙoƙi kuma ya share kansa. Ya ce ya bincika ya ga ana kiran sa gargaɗin nesa, RAI, don haka matsalar daga nesa take, wato daga can wurinsu. Ya kuma nuna min ƙirgen kurakurai na katinmu, wanda ake kira CRC, kusan babu komai a ciki. A ganinsa magana ta ƙare.

Wannan fahimtar ta kayar da mutane da yawa, har da waɗanda suka daɗe a sana'ar, shi ya sa nake so in tsaya a kanta. Gargaɗin layin nan kala uku ne. Ja na nufin ni ne ba na ji, ko dai sigina ta ɗauke gaba ɗaya ko na kasa gane sahun zubi. Shuɗi, wanda ake kira AIS, wata na'ura ce a kan hanya ke turo maka ɗaya-ɗaya zalla don ta sanar da kai cewa ita ma abin ya yanke mata daga sama, kebul ɗinka lafiya lau. Ruwan ɗorawa kuwa saƙo ne da ɗaya ɓangaren ya aiko maka, yana cewa ba ya jin ka. Ka lura, saƙon ya iso ka karanta shi, wato kunnenka ƙalau yake. Shi ne bai samun maganarka. To daga bakinka zuwa kunnensa, wa ya san inda maganar ke lalacewa? Yana iya zama can wurinsu, yana iya zama a cikin harabarka. Ƙirgen CRC na katinka kuma abin da ya shigo maka kawai yake aunawa. Ba ya gaya maka komai game da abin da ka tura.

Akwai ƙirgen da ke gaya maka, sai dai kusan ba wanda ke duba shi. A tsarin CRC4, kowane zubi takwas ana yi musu lissafin tantancewa, wato sau 1,000 a daƙiƙa. In ɗaya ɓangaren ya karɓi rukunin da lissafinsa bai fita ba, yakan maido maka da labari ta wani bit da ake kira E. Ƙirgen E shi ne madubin da kake ganin bakinka da shi. Na buɗe shi. Adadin da na gani ya sa yaron ya yi shiru ya ja kujera ya zauna.

Amma ƙirgen ba ya hawa kullum. Na zuba masa ido kusan awa guda bai ƙara ko ɗaya ba. Sai na koma kan hotunan littafin Hajiya, na jera lokutan a takarda. Sun taru wuri uku: tsakanin 9 da rabi zuwa 10 na safe, jim kaɗan bayan Azahar, sai kuma wajen ƙarfe 4. Na fara zargin canjin wuta daga NEPA zuwa janareto, don na sha ganin akwatin kamfanin sadarwa a soket ɗin da ba ya kan inbata, da an ɗauke wuta ya mutu ya sake tashi. Amma da haka ne da ja za mu gani, ba ruwan ɗorawa ba. Kuma ɗaukewar wuta ba ta da lokaci, wannan kuwa yana da lokaci kamar mai bin jadawali.

Ranar Alhamis na yi sallar Azahar a masallacin kamfanin, na dawo na zauna gaban allon. Ƙarfe 2 da minti 10 ƙirgen E ya fara gudu, ɗaruruwa a kowace daƙiƙa. Ban jira ɗif ɗin ba, na tashi na fita waje ina duba me ya canza a harabar. Ba a tayar da janareto ba. Ba a kunna wani inji a sito ba. Sai na ji ƙarar ruwa na zuba a tankin da ke sama. Leburori da direbobi sun yi alwala, tanki ya yi ƙasa, Baba maigadi ya kunna famfo.

Na je na gaishe shi, na ce, "Baba, wannan burtsatse yaushe aka haɗa ta?" Ya ce, "Ai ba ta daɗe ba, ɗana. Wata ɗaya ke nan, ko da 'yan kwanaki. Da can 'yan garuwa ke kawo mana." Na ce sau nawa yake kunnawa. Ya ce da safe in rana ta ɗaga, da bayan Azahar, sai kuma kafin rana ta yi sanyi don a kwana da ruwa. Lokutan littafin Hajiya ke nan, ba ragi ba ƙari. Ruwa dai ba ya tsami banza.

Famfon na sola ne. Inbatarsa an kafa ta a bayan gini kusa da faifan sola, ita kuma rijiyar tana bakin get. Mai wayarin da ya zo ya ga bututun roba a jikin katanga ya nufi daidai inda yake so, sai ya buɗe ya zura wayar famfon a ciki, kafaɗa da kafaɗa da kebul ɗin E1, kusan tsawon hanyar duka. Irin wannan inbata tana yanka wuta ne tana kunnawa sau dubbai a daƙiƙa kafin ta juya injin famfon, wayar da ke fita daga cikinta kuwa hayaniya ce zalla ga duk wata wayar sadarwa da ke kusa.

Na kira injiniyan kamfanin sadarwa a lokacin, famfo na aiki. Na ce, "Injiniya, ba ƙara na kawo ba. Ka taimaka ka karanta min ƙirgen CRC na bakin da muke kai, yanzu-yanzu." Ya duba ya ce yana hawa kamar mitar mai. Na sa Baba ya kashe famfo. Ya ce ya tsaya cak. Na tambaye shi a ina suka yi gwajinsu da suka zo. Ya ce a jikin akwatinsu suka juya layin, suka tura gwaji daga ofishinsu ya je ya dawo ba kuskure ko ɗaya, iyakarsu ke nan, abin da ke bayan akwati na mai gida ne. Gaskiya ya faɗa. Yaron ma da ya ce katinsa na karɓa lafiya gaskiya ya faɗa. Kowa ya gwada nasa ya same shi lafiya, mita 40 ɗin da ke tsakani ne ba mai shi.

Saura tambaya ɗaya da ta hana ni barci a daren. In hayaniyar famfo ce, ai wayoyi huɗun duk a kebul ɗaya suke. Me ya sa baki ke lalacewa, kunne kuwa ko gezau?

Ranar Asabar da yamma, da ofis ya watse, muka sauke layin. Ina da ɗan kan waya da na haɗa da kaina, a cikin 'yan haƙoran ƙarfe takwas da ke bakinsa, haƙori na 1 an haɗe shi da na 4, na 2 da na 5, yadda duk abin da kati ya faɗa zai dawo kunnensa. Masu sana'a luf suke ce masa. Wajen wannan gwajin dole a mayar da kati kan agogonsa na ɗan lokaci, tunda ba kowa a ɗaya gefen, kuma dole a tuna a maido shi bayan an gama. Na soka shi a bakin katin kai tsaye, Baba ya kunna famfo da sauran ranar da ta rage, muka tura gwaji, babu kuskure. Na ɗauke shi na kai can ƙarshen kebul a ɗakin bakin get, aka sake kunnawa, kurakurai suka zubo. Yaron ya ce shi fa ya taɓa gwada kebul ɗin nan da testa, fitilu takwas duk sun kama a jere. Na ce na yarda, kawo filaya.

Na yanke kan kebul ɗin na ɗaga shi a hasken taga. Wanda ya matse shi shekarun baya ya jera launukan ne biyu-biyu yadda suka fito: fari da lemo, lemo, fari da kore, kore, fari da shuɗi, shuɗi, sannan masu ruwan ƙasa. Ya yi haka a kai biyun, shi ya sa testa ba ta ga komai ba, don ita abin da ta sani kawai shi ne haƙori na 4 ya isa na 4, na 5 ya isa na 5. Amma wayoyin cikin kebul ba banza aka tufka su biyu-biyu kamar igiya ba. In tagwaye suna tufke da juna, duk hayaniyar da ta bugi ɗaya ta bugi ɗan'uwansa daidai gwargwado, mai karɓa kuwa bambancin da ke tsakaninsu yake karantawa, sai hayaniyar ta share kanta. A wannan kan, haƙori na 1 da na 2, wato kunne, sun faɗa kan tagwayen lemo, tufkarsu na nan. Haƙori na 4 kuwa ya faɗa kan kore, na 5 ya faɗa kan fari da shuɗi. An ɗauko ɗa daga wannan ɗaki, an ɗauko ɗa daga wancan, an ce su ne tagwaye. Bakin katin ya yi shekaru yana magana ta wayoyin da ba su da kariya ko kaɗan, ya kuma tsira ne kawai don babu mai hayaniya kusa da shi, har ranar da aka zura wayar famfo.

Na ba yaron guntun kan ya riƙe, na ce ya jera min daidai. Ya jera: fari da lemo, lemo, fari da kore, shuɗi, fari da shuɗi, kore, sai masu ruwan ƙasa. Ya sani sarai, bai dai taɓa tunanin ya kalli kan da ya tarar yana aiki ba.

Sake matse kan kaɗai ya rage kurakuran ƙwarai, amma ban yarda a tsaya nan ba. A ma'aunin turjiyar waya ga sigina, kebul ɗin kwamfuta na yau da kullum om 100 ne, E1 kuwa ta kan tufkakkiyar waya om 120 take so. A gajeren zango ba a jin bambancin, amma ga mita 40 kusa da wayar wuta ban ga dalilin caca ba. Na sa aka sayo kebul mai rigar kariya a kan kowane tagwaye, muka bi da shi ta ɗaya gefen ginin a bututunsa shi kaɗai, inda dole ya haye wayar wuta kuma muka sa ya gitta ta maimakon ya bi ta. Rigar kariyar muka haɗa da wayar ƙasa ta gefe ɗaya. Da na je duba sandar da aka kafa a ƙasa, na tarar ƙasar wurin ta bushe ƙamas kuma maƙalar ta yi tsatsa, abin da ake yawan samu a nan da rani, don haka aka kira mai wayarin ya sake ta. Na kuma mayar da akwatin kamfanin sadarwa kan inbatar ofis, don ashe shi ma a soket ɗin NEPA yake, wata matsalar ce da ke jiran ranarta.

Kafin in tafi na zauna da yaron muka bi kundin kira, don in nuna masa cewa ba duk kiran da ya ƙi ba ne ciwon layi. Kowane kira in ya ƙare ana rubuta lambar dalili. 16 an ajiye lafiya. 17 mai lambar na kan wani kiran. 34 gurabe sun cika, wanda a lokacin ciniki irin wannan ba lalacewa ba ce, kasuwa ce. 1 da 28 kuwa lambar da aka buga ce ba ta yi ba, ko babu ita ko tsarinta bai cika ba. Na ga irin waɗannan da yawa a farkon 2024, lokacin da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta ƙara 02 a gaban lambobin layin ƙasa, Kano ta tashi daga 064 ta koma 02064, intakom da yawa kuma ba a gyara musu tsarin buga lamba ba. Na ce masa duk ranar da zai kira kamfanin sadarwa, ya riƙe abu uku a hannu: lokacin da abin ya faru, kalar gargaɗin, da adadin da kowane ƙirge ya ƙaru a minti 15. Injiniyan da ya ji waɗannan ya san da wanda yake magana, zai kuma buɗe nasa allon maimakon ya ce a kashe a kunna.

Na share ƙirgen duka ranar Litinin da safe, na koma Litinin ta gaba. Zamewa sifili, CRC sifili, E sifili, ga tanki cike da ruwa. Tsohon katin da aka cire na saka shi a wata kwamfuta na gwada shi da luf na tsawon awa biyu, ko kuskure ɗaya bai yi ba, na sa shi a ledarsa na rubuta kwanan wata a jiki, aka ajiye shi a kabad don ranar buƙata. Takardar raba gari manaja ya ce ba ta ma isa teburin Alhaji ba. Da zan fita na tsaya wurin Hajiya, ta nuna min littafin, rubutun ƙarshe na ranar Asabar ɗin nan ne da rana. Na roƙe ta ta bar shi a aljihun teburin har damina ta sauka, don ina so in ga yadda sabon kebul ɗin zai yi da tsawa.